Ƙanena yana son yarinyar shagona da aure, gida sun ce a duba asali

Uwar Shago, Tawa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni.

Ni tela ce a nan Tawa, shekarata goma sha huɗu da buɗe shago, ba nisa da babbar kasuwa. Ina da 'yan koyo biyar. Ɗaya daga cikinsu, ba zan faɗi sunanta ba, ta zo mini shekara huɗu da suka wuce daga wani ƙauye ta wajen Illela, lokacin ba ta wuce goma sha biyar ba. Uwarta ce ta kawo ta, kayanta duka cikin buhun shinkafa guda. Ranar da suka zo uwar ta zauna bisa tabarma ta miƙe ƙafa, sai idona ya kai ga wani tabo da ya zagaye mata idon sawu, fatar wurin ta yi sulɓi kamar tsohuwar ƙuna. Ban tambaya ba. Sai bayan shekara guda yarinyar ta faɗa mini, muna ɗinkin dare mu biyu, cewa wurin ƙarfen da uwar ta ɗauka ne shekara da shekaru. Wahaya ce. Tana ƙarama aka sayo ta daga arewa aka kai ta gidan mai mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai daka da ɗiban ruwa da kiwon awaki. Da maigidan ya rasu aka raba gado, ko tabarmar da take kwana a kai ba a ce tata ba ce.

Yarinyar kuwa Allah ya ba ta hannu. Kallo ɗaya za ta yi wa hoton ɗinki a waya ta ɗauki almakashi. Azumin da ya wuce, fiye da rabin kayan sallar da suka fita daga shagona ita ta yanka su. Baƙa ce, doguwa, ba ruwanta da shafe-shafe.

Kwanan baya wata Hajiya, tsohuwar mai kawo mini ɗinki, ta zo da gezna ta bikin ɗiyarta. Na ce wa yarinyar ta ɗauko awo. Hajiya ta janye jiki ta ce, "A'a, kar ki sa mini ɗiyar baiwar nan, kira waccan farar." A gabanta fa, igiyar awo na hannunta. Waccan farar kuwa har yau aljihu ba ya zauna mata daidai. Na yi yaƙe na ce to, Hajiya. Da dare ita ɗin dai ta yanka geznar, Hajiya ta zo karɓa tana ta sa mini albarka wai hannuna ba ya tsufa. Ban ce komi ba. Shirun nan yana nan ya tokare mini wuya.

Sai ga magana ta biyu. Ƙanena, autanmu, shekararsa 27, ya dawo daga Aljeriya bara ya sayi adaidaita. Shi ke kawo mana yadi daga tasha, a nan ya gan ta. Ya same ni ya ce aure yake nufi, ba wasa ba. Da maganar ta kai gida, kawunmu ya ce a duba asali tukuna, aka duba, shi ke nan. Inna ta ce in dai tana raye ba za a kira jikokinta jikokin baiwa ba, kuma wai ni na haɗa. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina aika mata tuwon dare ana maido mini da kwano a rufe yadda na aika.

Ga kuma wata matsalar: yarinyar ba ta da takardar haihuwa. Na so in sa sunanta a wani horo da aka zo yi wa teloli, aka ce sai da katin ɗan ƙasa, kati kuma sai da takardar.

Ta ina zan ɓullo wa Inna? Takardar nan yaya ake samunta ga wanda ya riga ya girma? In kuma auren bai yiwu ba, mi zan yi wa yarinyar nan da zai tsayar da ita da ƙafarta? Don Allah wanda ya san wani abu ya faɗa.

Ɗalibin Shari'a, Yamai

Wa alaikumus salam Tanti. Ni ɗan Madawa ne, ina karatun shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni. Maganar Inna ta fi ƙarfina, na bar wa manya. Bari in taɓa wadda na sani.

Takardar ba ta da wuya kamar yadda ake tsoro. Wanda ba a rubuta haihuwarsa a kan lokaci ba, gidan shari'a ake zuwa, alƙali ya yi hukuncin da ke tabbatar da haihuwar, daga nan a kai magajin gari a fitar da takarda. Ana neman shaidu waɗanda suka san haihuwarta. Wani lokaci ma alƙalai kan fita ƙauyuka su yi wa mutane da yawa a zama ɗaya. Ki je ki tambayi magatakardan kotu abin da za ki kawo, kar ki bi ta hannun 'yan tsakani da ke zama bakin ƙofa. In 'yan'uwanta na wajen uba suka yi taurin kai, akwai hukumar ANAJJ da gwamnati ta kafa don taimaka wa marasa hali a harkar shari'a, akwai kuma ƙungiyar Timidria, wadda tun 1991 yaƙi da bauta ne aikinta. Sunan ma da Tamashek 'yan'uwantaka yake nufi, kuma sun san jihar Tawa ciki da bai.

Abin da aka yi wa uwar yarinyar laifi ne a dokar ƙasarmu, ba al'ada ba ce kawai da za a ce a yi haƙuri. Tun 2003 aka sa bauta cikin kundin laifuffuka, hukuncinta ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Kuma labarin da ya fi shahara a kan wahaya daga nan jiharmu ya fito. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, kan sefa 240,000, jika 240 ke nan. A 2005 mutumin da ya saye ta ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta tafi ta auri wanda take so sai ya ce ai matarsa ce, ya kai ƙara. Aka yanke mata wata shida wai ta yi aure kan aure, har ta shiga kaso. Ta kai maganar kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kotun ta zo ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta biya ta sefa miliyan 10. A 2014 kuma kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda ajiye wahaya.

Yanzu mun fita CEDEAO, wannan ƙofar ta rufe mana, amma dokar 2003 tamu ce, tana nan. Abin da ke ba ni haushi a aji shi ne, muna haddace shari'ar Hadijatou don jarrabawa, mu fito waje ɗalibi ya tambayi ɗan'uwansa, "Wance ɗiyar su wa ce?" da wannan muryar da kowa ya san ma'anarta.

Dattijon Fada

Hajiya mai shago, ki bi a hankali. Uwa ɗaya gare ki. Yaran nan na lakwal sun iya kawo shekaru da lambobi, amma ba su za su zauna da ke ranar suna ba. Aure ba na mutum biyu ba ne, dangi ake aura. Duba asali ba mu muka fara ba, haka muka tarar, maƙeri ma da mahauci akwai gidan da ba a ba su. Ki taimaki yarinya da sana'a, wannan lada ne. Ƙanenki kuma mata ba su ƙare ba. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, a zauna lafiya.

Ɗan Bida

Baba Dattijo, da girmanka, amma bari in ba ka labari.

Na yi shekara shida ina bida tsakanin Sabha da Tamanrasat, aikin gini. A Libiya yaro ƙarami da bai iya wanke hancinsa ba zai kira ka "abid", bawa ke nan. A Aljeriya "kahlush". Ba wanda ya taɓa tambayata ɗan gidan wa nake a Buza, alhali kakana mai unguwa ne. Fatar kawai suke gani. Ranar da aka kwashe mu daga Aljeriya, aka zuba mu a manyan motoci aka sauke mu cikin rairayi da asuba, aka nuna mana hanya da hannu, kilomita 15 a ƙafa zuwa Asamaka. A cikinmu akwai wani yaro daga wajen Cintabaraden wanda a gida ake ce wa iyayensa bayi. Jarkarsa ce kaɗai ta rage da ruwa. Da murfinta ya riƙa ba mu, kurɓi ɗaiɗai, ni da wani ɗan sarki da ba ya iya ɗaga ƙafa. Ba wanda ya ce a duba asali kafin ya sha.

Kun tuna ƙarshen 2017 da tashar CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙe a Libiya? Duk ƙasar nan ta ɗauki zafi, har aka kira jakadansu a Yamai. Na yi zagi a fada har muryata ta dishe. To ga inda zan tona wa kaina asiri: bayan mun dawo, yaron nan na jarka ya zo gidanmu gaisuwa, ya ga ƙanwata, ya turo magana. Na ce masa an riga an yi mata miji. Ƙarya na yi. Ba Inna ba ce ta hana, ba kawu ba, ni ne. Har yau in na gan shi a tasha sai in sauya hanya.

Yaya mai shago, ƙanenki ya sha abin da na sha a can, shi ya sa idonsa ya buɗe. Ya fi ni. Kar ki bar shi shi kaɗai.

Malamin Zaure

Bismillah. Hajiya, Allah ya saka miki da neman gaskiya.

A shari'a babu mace ta biyar. Wanda ya sayi ɗiyar mutane ya ajiye ta da sunan wahaya ba ƙwarƙwara ya ajiye ba, 'yantacciya ya zalunta. A cikin Buhari akwai hadisin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Tun 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya ba mutanen Tuwat amsa a rubuce cewa baƙar fata ba ita ke sa mutum ya zama bawa ba, ya lissafa ƙasashen Musulmi irin su Barno da Kano da Katsina da Sanwai ya ce mutanensu ba su halatta a mallake su. Shekara ɗari huɗu ke nan, muna nan muna jan maganar.

Ko da ma an bi lissafin masu cewa baiwa ce, ɗiyar da ta haifa wa maigidan 'ya ce kamar sauran ɗiyansa, tana da gadonta cikakke. A bincika ko an ba ta. Game da aure kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya abin dubawa addini ne da lafiya daga aibobin da ke hana zaman aure, ba dangi ba. Abu Huzaifa ya aurar wa Salim, wanda aka 'yanta, ɗiyar ɗan'uwansa, Baƙuraishiya. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aurar da ɗiyar gwaggonsa ga Zaidu ɗan Harisa, wanda shi ma 'yantacce ne.

Amma ki ji shawarata: kar ki ɗauki waɗannan ki kai wa Inna da bakinki. Ta san Bilal tun ba a haife ki ba. Ba jahilci ke damunta ba, bakin mata take tsoro, ranar biki a yi ta zunɗenta. Kuma tsohuwa ba ta son ɗiyar cikinta ta yi mata wa'azi. Ki nemi wadda take jin nauyi, yayarta ko aminiyarta ta ƙuruciya, ko limamin da ya yi wa mahaifinku salla. Tuwon kuma ki ci gaba da aikawa ko ana maidowa.

Baƙa Mai Alfahari, Yamai

Yaya, na karanta rubutunki sau biyu. Ni jikar irin matar nan ce mai tabo a ƙafa, don haka ki yi haƙuri in maganata ta yi kaushi.

Kowa a nan yana ta maganar Inna da ƙanenki. Ita yarinyar wa ya tambaye ta? A duk abin da kika rubuta ban ga inda kika ce tana son shi ba. An kai uwarta gidan wani ba a tambaye ta ba, kar a kai ita ma gidanku don a nuna ku mutanen kirki ne. Ki san gidan da za ta shiga: uwar miji ba ta cin abincinta, ranar da ta yi faɗa da facala kalmar farko da za a jefe ta da ita kin san ta.

Sannan ina da tambayoyi, ba sai kin amsa mini a nan ba. Cikin 'yan koyonki biyar, wa ke share shago da safe? Wa ke hura gawayin dutsen guga? In aka ɗauke ruwa, wa ke ɗaukar jarka? Shekara huɗu, ita ke yanka rabin kayan salla, har yanzu 'yar koyo kike kiranta. Nawa kike ba ta? Yaushe za ki yaye ta?

Na zo Yamai ina da shekara 20 da takardar sakatariya a hannu. Wani wuri da na nemi aikin tarbar baƙi, matar da ke ɗauka ta dube ni sama da ƙasa ta ce suna son mai "haske". Na gane. Na yi shekara uku ina shafa mai, fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu suka ƙi, na riƙa ɓoye hannu cikin mayafi in zan miƙa kuɗi. Mazanmu da ke waƙar fara ko mayya ce ba su san warin man nan cikin zafin watan Afrilu ba. Na bari ne ranar da ɗiyata 'yar shekara biyar ta ɗauko kwalbar ta ce in shafa mata ita ma ta yi kyau.

Duk 13 ga Mayu muna ɗinka anko mu yi bikin ranar matan Nijar, don tuna matan da suka yi tattaki a Yamai a 1991 suka ce ba za a shirya taron ƙasa ba da su ba. A 2000 aka yi dokar ware wa mata kaso a muƙamai, a 2019 aka ɗaga ta zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe da 30 na naɗi. Madalla. Amma ki duba waɗanda suka hau kujerun, ki ƙirga mini ɗiyan wahaya. Ankon ma da ake sawa ranar, irin yarinyarki ke kwana ɗinka shi.

Abin da ya tsayar da ni ba tausayi ba ne. Asusun Mata Masu Dubara ne, irin wanda aka fara a Maradi a 1991, muna zuba ɗari biyar biyar duk mako, na ci bashin farko na sayi firiza. Yau ina da ma'aikata uku. Ki sa ta cikin asusu da sunanta, ba da naki ba. In takarda ta fito ki bi mata FAFPA, suna tallafa wa horon masu sana'a. In lokacin baje kolin SAFEM na sana'o'in hannu na mata ya zo ki turo ta Yamai da ɗinkinta, ta kwana gidana. Kuma ranar da Hajiyar nan ta dawo, ki faɗa mata wa ya yanka geznar.

Uwar Shago, Tawa

Na gode muku duka, har da Baba Dattijo, don abin da ya faɗa shi ne abin da ake faɗa a gidanmu, gara in ji shi a fili.

Ƙanwata ta Yamai, kin hana ni barci. Kin ce ba sai na amsa a nan ba, amma zan amsa. Ita ke shara. Ita ke gawayi. Ita ke jarka. Ban taɓa cewa ke za ki yi ba, haka na ga abin yana tafiya, ni kuma ban taɓa tambayar kaina don mi sauran huɗun ba su san inda tsintsiya take ba. Kuɗi kuma na sabulu nake ba ta, sai in salla ta zo in ƙara mata da turmi. Na zauna da littafina na lissafa abin da yankanta ya shigo mini da shi a azumi kaɗai, na rufe littafin.

Shekaranjiya bayan sauran sun tashi na tsayar da ita na tambaye ta maganar ƙanena. Ta daɗe tana tsince zare a bakin zanenta. Ta ce ba ta ƙi shi ba, yana da kirki, bai taɓa yi mata irin kallon nan ba. Amma ta ce, "Tanti, ni keke nake so tukuna. In ina da kekena, duk gidan da na shiga, in aka gaya mini magana ina da wurin zuwa. Innata ba ta da wurin zuwa." Na faɗa wa ƙanena. Ya yi shiru, ya ce zai jira, wai ya jira mota wata biyu a Agadas.

Jiya na je gidan shari'a, magatakarda ya ce shaidu biyu. Na kira babban wanta na wajen uba sau uku bai ɗauka ba, na huɗu ya kashe wayar. Amma maigarinsu ya ce zai zo, da wata tsohuwa da ta yanke mata cibiya. Ƙanena zai ɗauko su ranar Litinin. Malam, maganar gadon ban taɓa ta ba tukuna, sai takarda ta shigo hannu, kar su ji su hana shaidun.

Shara na rubuta ta a bango, kowa da ranarsa. Farar nan ta kumbura fuska yini guda. Daga wannan watan kuma duk kayan da yarinyar ta yanka tana da kasonta.

Wajen Inna na je na sami Gwaggo, ta ce in ba ta lokaci, ba a yi wa tsohuwa gaggawa. Daren jiya ma kwanon ya dawo a rufe, sai dai yaron da na aika ya ce ta buɗe ta duba miyar kafin ta ce ya mayar.

Hajiya ta aiko za ta zo Alhamis da leshi uku. Na riga na rataya igiyar awo a wuyan yarinyar. In ta kwashe leshinta ta tafi, jika ashirin ne suka tafi, kuma ba zan ce muku cikina bai ɗuri ruwa ba, don ƙawayenta shida ke kawo mini ɗinki.

Wa ya san inda zan samu keke Butterfly na hannu mai lafiya, a nan ko a Ƙonni? Mai ƙafa nake so, ba na lantarki ba, kun san halin wutarmu.